Yadda Ake Zuwa Damagaram da Yadda Ake Zirga-zirga a Cikinta

Damagaram, wadda allunan kan hanya da takardun gwamnati suke kira Zinder, gari ne da manyan hanyoyi huɗu suka haɗu a cikinsa: ta yamma mai zuwa daga Yamai da Maraɗi, ta gabas mai tafiya Gure da Difa, ta arewa mai hawa Tanut da Agadas, da ta kudu mai gangarawa Magarya da iyakar Najeriya. Tun kafin zuwan mota haka garin yake, domin a unguwar Zango ne ayarin raƙuman da suka keto Sahara suke sauke kaya kafin su wuce Kano, kuma nan ne babban birnin mulkin Nijar har shekarar 1926 da Faransawa suka mayar da shi Yamai. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa nan ba, layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ma bai biyo ta nan ba, saboda haka kusan duk mai zuwa a mota yake zuwa. Wanda ya saba da waɗannan hanyoyi ya san cewa abin da yake sa tafiya ta yi sauƙi ko ta yi wahala shi ne lokaci: watan da ka zaɓa, ranar da ka tashi, da sa'ar da ka isa tasha. Nisa yana nan yadda yake, amma lokaci yana hannunka.

Daga Yamai zuwa Damagaram tafiyar kilomita kusan 900 ce a kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya. Mota tana bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Galmi, Madawa da Gidan Runji ta isa Maraɗi, daga nan kuma ta bi Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita da Tirmini kafin duwatsun Damagaram su bayyana. Manyan motocin bas na kamfanoni irin su Rimbo, STM da Al Izza su ne suka fi dacewa da wannan doguwar tafiya, domin kowane kamfani yana da tasharsa, yana da lokacin tashi, kuma kowane fasinja yana da kujerarsa. Yawancinsu kafin asuba suke fara kiran suna, su tashi da sassafe, su isa da dare bayan an shafe yini cur a hanya. Shawarata ita ce ka je ka yanki tikiti tun jiya, kada ka bari sai ranar tafiya, kuma ka tambayi mai sayarwa ƙarfe nawa ake so ka kasance a tasha, domin lokacin tashi daban, lokacin awon kaya daban. Idan gidan da ka sauka yana da nisa, babu laifi ka kwana a tashar kamfanin. Mutane da yawa haka suke yi, akwai rumfar jira da wurin alwala da salla.

Kayan da za a sa a ƙarƙashin mota ana liƙa musu lamba, a ba ka takarda mai lamba irin ta jikinsu, kuma wannan ƴar takarda ita ce shaidarka idan an iso, don haka ka adana ta tare da tikitinka. Kuɗi, waya, magunguna da takardu su kasance a jikinka cikin ƙaramar jaka. Katin shaidar ɗan ƙasa ko fasfo shi ne abu na farko da za ka tabbatar yana aljihunka, domin a mashigar manyan garuruwa akwai shingen ƴan sanda da jandarma, wani wuri jami'i ya shigo mota ya duba, wani wuri kuma a ce kowa ya sauko. Wanda katinsa ya ƙare ko ya manta shi a gida yakan tsayar da mota baki ɗaya, ya jawo wa kansa tara, ya kuma ɓata wa sauran fasinjoji lokaci. Direba yakan tsaya don salla da cin abinci, amma tsayawar ba ta da tsawo, kuma idan yaron mota ya fara kira ba a jiran mai nawa. Ka riƙe ruwan sha mai yawa, da guzuri mara nauyi irin su dabino, ƙuli-ƙuli ko kilishi, ka kuma ɗauki mayafi ko riga mai kauri, saboda sanyin na'urar sanyaya mota da asuba yakan dami yara da tsofaffi.

Tsakanin Maraɗi da Damagaram kilomita kusan 235 ne, kuma a nan matafiyi yana da zaɓi biyu. Yana iya jiran bas ɗin kamfani, ko ya je tashar ƙananan motoci ya shiga Hiyas ko ƙaramar mota mai lodin mutane. Ƙananan motocin ba su da lokacin tashi, sai sun cika, kuma ɗan kamasho zai rantse maka cewa saura mutum ɗaya alhali saura biyar. Kafin ka biya, ka leƙa cikin motar da idonka, ka ga mutanen da suke zaune da kayansu da gaske. Da safe mota takan cika da wuri. Bayan azahar kuwa kana iya zama har la'asar sakaliya, ka yi tafiyar dare da ba ka shirya ba. Ni dai idan tafiyar ta haura awa uku, ko ina tare da iyali, motar kamfani nake zaɓa, ko da ta ɗan fi tsada, domin ƙananan motocin suna cunkusa mutane, suna ɗora kaya fiye da kima, suna kuma tsayawa a kowane ƙauye. Amfaninsu yana ga wanda zai sauka a hanya, kamar Gazawa ko Takeita, ko wanda motar asuba ta wuce shi.

Mai zuwa daga Kano shi ma yana kusa, domin tafiyar ba ta wuce kilomita 240 ko kusa da haka ba, sai dai akwai iyaka a tsakani, kuma iyaka ita take cin lokaci. Hanyar da aka fi bi ita ce ta Kazaure da Daura zuwa Kwangwalam, a tsallaka zuwa Ɗan Barto, a bi ta Matamaye da Kance a fito Takeita, inda ake haɗuwa da babbar hanyar Maraɗi a karkata gabas, saura kilomita kusan 50 a shiga gari. Ta biyu ita ce ta Babban Mutum, wadda take shigowa Magarya, ta bi Bande ta iso Damagaram ta kudu. Daga Magarya kilomita kusan 90 ne. Mutanen Jigawa kuma suna shigowa ta Maigatari su bi ta ƙasar Dungas. Sau da yawa ba mota ɗaya za ta kai ka ba: za ka sauka a bakin iyaka, ka gama da jami'ai, sannan ka shiga motar da take lodin Matamaye, Magarya ko Damagaram kai tsaye. Saboda haka ka bar Kano da sassafe, domin ka tsallaka tun rana tana sama, lokacin da ofisoshi suke buɗe kuma motoci suke cika.

Al'amarin iyakar nan ya sauya sau da dama a ƴan shekarun nan. Najeriya ta rufe ta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, aka buɗe a watan Maris na 2024, sannan Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO ko ECOWAS, a watan Janairu na 2025. Don haka kada ka dogara da labarin wanda ya yi tafiyar bara. Ka tambayi direbobin da suka dawo cikin makon nan abin da ake nema, ka riƙe fasfo ko takardar tafiya mai aiki, da katin rigakafin shawara, ka kuma bi ta ƙofa ka bari a buga maka hatimi. Masu babura za su yi maka tayin zagayawa ta daji da kuɗi kaɗan. Kada ka karɓa, domin wanda ya shigo ba hatimi zai gamu da shingen da ke gaba, kuma a can ba shi da bakin magana. Idan ka tsaya gaban jami'i, ka yi sallama, ka ce masa sannu da aiki, ranka ya daɗe, ka miƙa takarda da hannun dama, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai. Hausa ake yi a ɓangarorin biyu, kuma agogon ƙasashen biyu ɗaya ne.

A bakin iyaka akwai ƴan canji, kuma ya kamata ka canza abin da zai ishe ka mota da abinci na kwana ɗaya ko biyu, domin a cikin gari da sefa ake ciniki. A nan ne baƙo daga Najeriya yake yawan ruɗewa, saboda a kasuwa da tasha ana lissafi da dala, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan ɗan kabu-kabu ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Dala arba'in sefa 200 ce. Dala hamsin sefa 250. Idan aka ce ɗari, sefa 500 ke nan. Jika guda kuwa sefa 1000. Ka riƙe wannan lissafi sosai, ka kuma tanadi ƙananan kuɗi da silalla, domin samun canjin takardar jika biyar ko jika goma a hannun mai babur ko mai shayi wahala ne. Ba sai ka yi yawo da kuɗi masu yawa ba: kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana suna da rassa a unguwanni da tashoshi, kana iya ajiyewa a wani gari ka karɓa a nan da katin shaidarka. Layin wayar gida, na Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom, shi ma da katin shaida ake yin rajistarsa, kuma zai yi maka amfani tun daga ranar farko.

Hanyar arewa da ta gabas suna son shiri na musamman. Zuwa Agadas kilomita kusan 450 ne, ta Tanut da Adarbisanat. A kan wannan hanya ne, kimanin kilomita 50 daga Damagaram, za ka ga matatar man SORAZ da aka buɗe a watan Nuwamba na 2011. Bayan Tanut garuruwa suna nisa da juna, inuwa da ruwa suna ƙaranci, don haka ka ninka ruwan da ka saba ɗauka, kuma kada ka yi wannan tafiya a mota guda tilo ba tare da ka tambayi halin hanya ba. Ta gabas kuwa tana bi ta Mirya, Gidimuni, Gure da Maine Sorowa zuwa Difa, kilomita fiye da 450. Jihar Difa ta shiga dokar ta-ɓaci tun watan Fabrairu na 2015, shingayen bincike sun fi yawa, kuma akan taƙaita zirga-zirgar dare, saboda haka motar asuba ta kamfani ita ce ta dace, domin ta isa da rana. Baƙon da ya zo daga wata nahiya ya nemi bayani a wurin hukuma kafin ya fita gari, domin akwai ƙa'idojin tsaro da suka shafe shi.

Akwai filin jirgin sama a gefen gari, wanda aka yi wa gyara lokacin Zinder Sabuwa, bikin ranar jamhuriyar Nijar na 18 ga Disamba 2018, kuma jiragen cikin gida suna haɗa shi da Yamai. Ba kullum ake tashi ba, ranaku suna sauyawa, kuma a lokacin hunturu hazo yakan sa a ɗage tashi. Wanda yake da alkawarin da ba ya ɗaguwa ya bar wa kansa ratar kwana ɗaya, ya kuma shirya wanda zai tarbe shi, domin filin ba wurin da abin hawa yake jira koyaushe ba ne.

Game da watan tafiya, mafi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da rana take da sauƙi, ko da yake ƙura tana damun mai asma da mai ciwon ido, kuma sanyin asuba a kan babur ba wasa ba ne. Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, zafi yakan haura digiri 40, kuma a lokacin ne ƙarancin ruwa yake tsananta. Garin yana zaune a kan dutse, ruwan famfonsa daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo, Macaya, Arunguza da Ganaram, shi ya sa idan za ka kama ɗaki, a otal ko a gidan baƙi, tambayar farko ita ce ko suna da tankin ajiyar ruwa, ta biyu kuma ko suna da injin wuta ko hasken rana. Idan a gidan ɗan'uwa ka sauka, ka yi tattalin ruwan da aka ba ka, domin wataƙila saye aka yi daga masu turo shi a kura. Damina tana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, ta fi ƙarfi a Agusta. Kwalta tana biyuwa, amma hanyoyin ƙauye da wasu lungunan gari suna cika da ruwa da taɓo, kuma sauro yana yawa, sai a nemi gidan sauro. Kwanakin da suke gab da Salla Ƙarama da Babba, da lokacin komawar ɗalibai makaranta, kujera tana wuya, sai ka yanki tikiti kwana biyu ko uku kafin ranar.

Idan ka iso, ka fara riƙe fasalin garin a ranka, domin shi ne zai hana ka ɓata. Birni shi ne tsohon gari, inda fadar Sarkin Damagaram da babban masallaci suke, da ragowar ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19. Zango yana arewa da shi, tsohuwar unguwar fatake. Tsakaninsu da kewayensu ne ofisoshin gwamnati, bankuna, babban asibitin ƙasa da barikin soja da ke kan dutse suke, sannan ga unguwanni irin su Sabon Gari, Garin Malam, Tudun Jamus da Karakara. Garin ya kasu gundumomi biyar, kuma ya yi faɗi sosai, har Jami'ar André Salifou da sababbin unguwanni sun zama tafiyar da ba a yi da ƙafa. Mutane ba sa kwatance da sunan titi ko lambar gida. Ana faɗin unguwa, sannan a ambaci masallaci, makaranta, kantin magani, gidan mai ko gidan wani sananne da ke kusa. Ka nemi mai masaukinka ya ba ka irin wannan kwatance tun kana hanya, kuma idan ka rasa gane wurin, ka kira shi ka miƙa wa direba waya su yi magana. Matambayi ba ya ɓata, musamman idan ya fara da gaisuwa.

Abin hawan da ya fi yawa shi ne kabu-kabu, wato babur na haya. Yana ko'ina, yana shiga lungun da mota ba ta shiga, kuma shi ne mafi sauri. Ka faɗa masa inda za ka, ku yanke kuɗi kafin ka hau, domin cinikin da aka bari sai an sauka shi ne yake kawo gardama. Kuɗin yana bin nisa, yana ƙaruwa da dare da lokacin da mai ya yi tsada, don haka ka tambayi ɗan gari abin da ake biya a wannan mako daga tasha zuwa unguwar da za ka. Ka dubi mai babur ɗin kafin ka zaɓe shi: dattijo ko magidanci mai natsuwa ya fi yaro mai gaggawa, kuma idan ya fara gudu, ka ce masa, Malam, a yi a hankali, ba sauri nake ba. Lungunan garin suna da rairayi, babur yakan zame a ciki, kuma mai doguwar riga ko mace mai zane da hijabi ta tattare tufafinta kada su shiga ƙafar babur, domin wannan haɗari ne da yake faruwa da gaske. Idan ka sami wanda tuƙinsa ya kwanta maka, ka karɓi lambarsa, ya zama naka har ka bar gari.

Adaidaita sahu, mai ƙafa uku, ya fi dacewa da mata, tsofaffi, mai yara da mai kaya. Kana iya shiga tare da wasu kowa ya biya nasa, ko ka ɗauke shi shata ya kai ka ƙofar gida. Ka bayyana wanda kake so tun farko, domin kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Motar tasi ba ta kai waɗannan yawa ba. Kaya masu nauyi kuwa, irin su buhunan hatsi ko siminti, aikin masu amalanke da masu kura ne, kuma a bakin kowace kasuwa ana samunsu.

Birni da ƙafa ake ganinsa. Lungunansa ƙanana ne, suna ratsa tsakanin manyan duwatsu da gidajen ƙasa masu zane a fuska da zankwaye a sama, kuma wanda ya wuce a kan babur ba zai ga komai ba. Ka fita tun hantsi bai yi zafi ba, ko bayan la'asar. Idan kana son shiga fada, ka tsaya a ƙofa ka gaida dogarai, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka cire takalmi inda aka ce, kuma kada ka ɗauki hoton mutum ko cikin zaure sai an ba ka izini. Barikin soja da shingayen jami'an tsaro kuwa ba a ɗaukar hotonsu sam. Ranar hawan Salla hanyoyin da suke kewaye da fada suna cika da dawakai da jama'a, sai ka bar abin hawa nesa ka taka.

Ranar Alhamis ce babbar ranar kasuwar Dole, kuma tana sauya zirga-zirgar gari gaba ɗaya. Tun da safe motocin ƙauye, amalanke da dabbobi suke shigowa, hanyoyin da suke kewaye da kasuwar su cushe. Ga mai son zuwa wani ƙauye da ba kullum ake samun motarsa ba, wannan ita ce ranarsa, domin motocin da suka kawo ƴan kasuwa da safe suna komawa da yamma. Haka ma Mirya, mai nisan kilomita 18 a gabas, ranar Lahadi kasuwarta take ci, kuma a ranar mota ba ta yankewa. Ƙananan motoci ba a wuri ɗaya suke lodi ba, kowace hanya da tasharta, saboda haka kada ka ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ka tasha kawai. Ka ce inda ake lodin Magarya, ko Tanut, ko Gure, ko kuma ka ambaci sunan kamfanin bas ɗin. Ranar Juma'a kuma daga azahar har a sauko masallaci kusan komai yana tsayawa.

Mai zuwa da motar kansa ya tabbatar lasisin tuƙi, takardun mota da inshora mai aiki a Nijar suna hannunsa, kuma idan lambar motar ta waje ce ya karɓi takardar izinin shigowa a ofishin duwan, wato kwastam, na iyaka. Akwai wuraren biyan kuɗin hanya a mafitar garuruwa, kuma a riƙe rasit ɗin har ƙarshen tafiya, domin ana tambayarsa a gaba. Ka sha mai a gidan mai kafin ka fita. Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa yana fitar da mutum kunya idan ya maƙale, amma ba a san abin da aka gauraya a ciki ba. Tuƙin dare a waɗannan hanyoyi ba na ba kowa shawararsa, saboda shanu da jakuna da raƙuma suna hawa kwalta, amalanke ba ta da fitila, kuma babbar motar da ta lalace sau da yawa reshen itace kawai ake ajiyewa a bayanta.

Ranar komawa ma tun jiya ake shirya ta. Ka je tashar kamfani da rana ka yanki tikiti, ka kai manyan kaya idan suna karɓa, ka sayi tsarabarka, alkaki ko kayan fata na dukawan garin, tun kasuwa tana ci. Sannan ka yi magana da ɗan kabu-kabu ko mai adaidaitar da ka saba da shi ya zo ƙofar gida a sa'ar da kuka yanke, ka sake kiransa bayan lisha ka tuna masa, domin da ƙarfe huɗu na dare ba a samun abin hawa a cikin lungu, kuma bas ɗin Yamai ba ya jiran wanda ya makara.